JIJJIGAR KAN BABUR DA SAGEWAR HANNU
Darasi Domin Hakimai da Malamansu a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

GABATARWA

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu, da dagatai, da duk wanda aikin hukuma ke sa shi hawan babur a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, cikin Masarautar Dutse. A zamanin da, da doki hakimi ya ke rangadi, malaminsa na biye da gafaka da alƙalami. Daga baya keke ya shigo. Yau kuwa babur ne dokin aiki. Shi ke kai malamin hakimi Fagam ko Basirka, shi ke kai malamin gona Wurno da Sundimina, shi ke ɗaukar ma'aikacin asibiti da akwatin allurar rigakafi zuwa rugagen da mota ba ta shiga. Da yawa cikin baburan nan sun kwana biyu, kuma ba kowa ke da halin sayen sabo ba.

Tsohon babur yana da wata illa da ya ke jawowa sannu a hankali, wadda mutane ba su ɗauke ta a bakin kome ba. Mutum ya kan sauka bayan doguwar tafiya, ya ji yatsunsa suna minjirya, ya yarfe hannu, ya ce gajiya ce. Da fari abin ya kan wuce kafin a gama gaisawa. Amma idan aka yi shekaru a haka, sai sagewar ta zauna. Malamin da yatsunsa suka sage ba ya iya sarrafa alƙalami, mahayin da hannunsa ya sage kuwa ba ya sanin ƙarfin da ya ke sa wa birki, ga shi da ran mutane a bayansa.

Abin da a ke so mai karatu ya riƙe shi ne, jijjigar da ta wuce kima alama ce ta lalacewa a jikin babur, kuma sifana ke maganin yawancinta. Abin da ya rage bayan gyara, sai a tare shi da kyakkyawan riƙo, da ɗumi, da hutu.

1. INDA JIJJIGA TA KE FITOWA

Yawancin baburan da ke ƙasar nan ƙanana ne masu fistin ɗaya, kamar Bajaj Boxer na ƙasar Indiya, da Jincheng na ƙasar Sin, da Honda CG125 wanda Japan ta fara ƙerawa a 1975, har da waɗanda aka kwaikwaya daga gare shi. An yi su ne domin sauƙin gyara da juriya, amma inji mai fistin ɗaya ba ya rabuwa da jijjiga gaba ɗaya. Ga dalili. Fistin yana hawa, ya tsaya cak, ya sauko, ya sake tsayawa, kuma ko wace tsayawa sai ta fizgi inji. Sa'ad da inji ke juyi 6,000 cikin minti ɗaya, fistin yana hawa da sauka sau 100 cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙarfin fizgar nan ba daidai da gudun inji ya ke ƙaruwa ba. Idan juyin inji ya ninka biyu, fizgar ta kan ninka huɗu. Wannan ne tushe na farko, kuma a tafin hannu a ke jinsa kamar zuzar ƙudan zuma.

Tushe na biyu shi ne ƙafafun babur. Taya ta kan ci kusan mita 1.8 a juyi ɗaya, saboda haka a gudun kilomita 60 cikin sa'a tana juyawa kamar sau tara a daƙiƙa. Idan rim ya lanƙwashe, ko taya ta yi ƙari, sai a ji bugu mai nauyi wanda a ke iya ƙirgawa, yana ƙaruwa da gudu, yana raguwa da shi.

Tushe na uku shi ne hanya. Babban titin da ya fito daga Kano ta Wudil ya ratsa Birnin Kudu kwalta ne, amma da zarar an sauka zuwa ƙauyuka sai burji da gargada, da duwatsu, da zaizayar da damina ta bari.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara wa jijjiga ƙarfi, wanda mutanen Birnin Kudu za su fi kowa saurin ganewa. Cikin duwatsun garin, inda mutanen da suka zana shanu, akwai waɗansu da in an buga su da ƙaramin dutse su kan yi amo kamar ƙararrawa. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya ba da labarinsu a 1956. Ko wane dutse da muryarsa, gwargwadon girmansa da kaurinsa. Haka kan babur ya ke, watau ƙarfen nan da mahayi ke riƙewa. Bututu ne da aka ɗaure a tsakiya aka bar bakunansa biyu a sake, shi ma yana da tasa murya. In bugun inji ya zo daidai da muryar nan, sai bakunan su ɗauki rawa fiye da kima, kuma a nan ne hannu ya ke. Shi ya sa a kan ga babur yana tafiya lafiya a wani gudu, da an ƙara kaɗan sai madubi ya dushe, in an wuce wurin kuma ya washe.

2. ABIN DA JIJJIGA TA KE YI WA HANNU

Ba a kan babur aka fara gane wannan cuta ba. A 1862 wani likita a Faransa, Maurice Raynaud, ya bayyana yadda yatsun waɗansu mutane ke kodewa su mutu in sanyi ya taɓa su. A 1911 Giovanni Loriga ya ga irin wannan a Italiya ga masu aiki da na'urar fasa dutse. A 1918 kuma wata likita, Alice Hamilton, ta bincika masu sassaƙa dutse a garin Bedford cikin Amurka, ta gano abubuwa uku ne ke haɗuwa su jawo ta: jijjigar kayan aiki, da damƙe shi da ƙarfi tsawon lokaci, da sanyi. Daga baya likitocin Japan sun sami alamun cutar ga masu rarraba wasiƙu a kan babur. Duk abubuwan nan uku suna haɗuwa ga mutumin da ya tashi da asuba cikin hunturu daga Gwaram zuwa Birnin Kudu a kan tsohon babur.

Ɓarnar iri uku ce. Ta farko ga jijiyoyin da ke kai ji. Akwai wadda ke bi ta tsakiyar wuyan hannu, ita ke kula da babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin na zobe. Akwai kuma wadda ke bi ta gefen tafi, ita ke kula da ƙaramin yatsa da sauran rabin na zobe. Ta nan a ke gane inda matsi ya ke. In ƙaramin yatsa ne ke sagewa, mahayi yana danna gefen tafinsa bisa ƙarfe. In babban yatsa da manuni ne, wuyan hannunsa a lanƙwashe ya ke sa'ad da ya ke tuƙi.

Ta biyu ga ƙananan jijiyoyin jini. Su kan tsuke, sai kan yatsa ya kode ta wajen ciki ya yi sanyi, sa'an nan in jini ya komo ya yi zogi. Ta uku ga ƙarfin damƙa: abu ya riƙa suɓucewa, sa maɓalli ko ɗaukar allura ya zama aiki.

Cutar tana tafiya daki-daki. Da fari minjirya ce bayan tafiya, ta wuce cikin ɗan lokaci. Sa'an nan ta riƙa daɗewa, har ta ta da mutum daga barci. Daga ƙarshe ta zauna dare da rana, kuma a wannan mataki ba kasafai ji ke komowa duka ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ƙasashen Turai sun kafa doka a kan wannan a 2002. Suna auna jijjigar da ke shiga hannu da na'ura, a lissafa ta bisa aikin sa'a takwas. In ta kai 2.5 a ma'auninsu, wajibi ne mai ba da aiki ya ɗauki mataki, kuma an hana ta wuce 5. Babu bukatar hakimi ya mallaki na'urar, amma lissafin da ke ƙarƙashin dokar yana da amfani gare shi. Abin da ke jijjiga da ƙarfin 5 yana kai mutum matakin farko cikin sa'a biyu, mai ƙarfin 10 kuwa cikin rabin sa'a kurum. Watau in aka rage jijjiga da rabi, hannu zai ɗauki ninki huɗu na lokacin kafin ya sha wahala iri ɗaya. Saboda haka ɗan gyaran da ya rage jijjiga ko kaɗan ne, ba abin rainawa ba ne.

3. YADDA A KE GANE TUSHENTA

Kafin a kashe ko sisi wajen makaniki, sai a yi gwaji uku.

Gwaji na farko. A kafe babur bisa ƙarfen kafewa na tsakiya, a fid da shi daga giya, a ta da inji, a riƙa ƙara totur sannu sannu, hannu ɗaya na bisa kan babur. In jijjigar da a ke kuka da ita ta bayyana alhali babur na tsaye, daga inji ta ke, ko daga notunan da ke riƙe da shi.

Gwaji na biyu. A sami kwalta mai kyau inda babu mutane ko dabbobi, a kai babur matsakaicin gudun da jijjigar ke fitowa, sa'an nan a kama kuloci a saki totur, babur ya ci gaba da gangarawa da kansa. In jijjigar ta ɗauke, inji ne. In ta ci gaba, a nemi laifin a ƙafafu, ko sarƙa, ko boris.

Gwaji na uku. A kashe inji, a kafe babur, wani ya danna bayansa har ƙafar gaba ta bar ƙasa. A juya ƙafar da hannu a duba ko tana tangaɗi. A kama ta a girgiza gefe da gefe, in ta yi motsi boris ya ci. A juya kan babur dama da hagu a hankali, in an ji yana sarƙewa a tsakiya, ko yana ƙwas-ƙwas in an ja ƙafar gaba da baya, boris ɗin wuyan babur ne ke neman gyara.

4. GYARAN JIKIN BABUR

Sai a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a bi da bi.

(a) Notunan inji. Su ne ke ɗaure inji da jikin babur, kuma jijjiga da kanta ta ke kwance su. Noti ɗaya in ya saki, inji ya kan riƙa dukan ƙarfen da ke riƙe da shi. A ɗaure su duka. In ramin ya yi faɗi saboda daɗewa, ko an ga tsaga kusa da shi, a kai wa mai walda da ya san aikinsa. A duba kuma notunan salansa, da na tanki, da na matakin ƙafa.

(b) Lafiyar inji. Injin da ba ya ƙona mai daidai ya kan yi tari da fizga. A wanke fulogi ko a sake shi, a wanke kafireta, a share matatar iska, musamman cikin hunturu sa'ad da ƙura ta yi yawa. A sa makaniki ya daidaita bawul inji na sanyi. A yi juye a kan kari. In bayan duk wannan a na jin ƙwanƙwasa mai nauyi daga cikin inji, boris na ciki ya ci, kuma ba a jinkirta wannan.

(c) Sarƙa. In an danna ta a tsakiya, ta motsa kamar santimita 2 zuwa 3, watau kimanin inci ɗaya. Wadda ta yi tauri tana jan boris, wadda ta saki tana duka. A juya ƙafar baya a gwada wurare da dama, gama tsohuwar sarƙa ta kan yi tauri a wani wuri ta saki a wani. In haƙoran da ta ke hawa sun yi tsini sun karkace, a sake su tare da sarƙar gaba ɗaya, don tsohon haƙori ya kan cinye sabuwar sarƙa.

(d) Wayoyin ƙafa da rim. A bi wayoyin ɗaya ɗaya a na ɗan bugunsu da sifana. Mai lafiya tana amo, wadda ta saki ta kan yi shiru. A sa mai gyara ya ɗaure su daidai, ya miƙe rim. Wayar da ta karye a mai da gurbinta nan da nan.

(e) Iskar taya. Nan ne a ke yawan kuskure. Masu babur su kan sa mai faci ya cika taya tam domin ɗaukar kaya, a gwada da yatsa kurum. Tayar da ta cika fiye da kima ba ta shanye gargada, sai ta miƙa ta ga hannu. Ga yawancin ƙananan babura, ƙafar gaba tana son kamar fam 25, ta baya 28 zuwa 32 gwargwadon kaya, amma abin da masu ƙera babur suka rubuta a jikinsa shi ne abin bi. A auna da ma'auni, taya na sanyi. Tayar da ta yi ƙari, ko aka cusa mata babban faci daga ciki, kada a bar ta a gaba.

(f) Shokazoba na gaba. A cikinsu akwai mai, shi ke hana babur tsalle. In an ga mai na tsattsafowa a jikinsu, ko suna nutsewa har su yi ƙara, a sake robar bakinsu a zuba sabon mai daidai awo, duka biyun.

5. GYARAN KAN BABUR

In an gama da jiki, sai a zo ga abin da hannu ke taɓawa.

Waɗansu babura suna da roba a ƙarƙashin maɗaurin kai. In ta bushe ta tsattsage, ƙarfe ya koma kan ƙarfe, sai a sake ta. Robar mariƙi ma tana tsufa, rana ta busar da ita ta yi santsi, sai mahayi ya riƙa damƙa da ƙarfi don kada hannu ya zame. Sabuwa mai taushi ba ta da tsada. Kada dai a naɗa wa mariƙi tsumma ko roba har ya yi kauri ainun, domin abin da yatsu ba su iya zagayewa ya fi gajiyarwa.

Sa'an nan nauyin baki. An riga an faɗi cewa ko wane ƙarfe da muryarsa. In aka ƙara nauyi a bakunan kan babur biyu, muryarsa ta kan sauka, ta daina haɗuwa da bugun inji a gudun da a ke yawan tafiya. Akwai ƙarafan da aka ƙera musamman domin wannan, a na cusa su a bakin bututun a ɗaure. Tilas nauyin dama da na hagu su zama ɗaya. Waɗansu kuma su kan cika bututun da busasshen yashi mai laushi su toshe bakunan sosai, wannan yana ɗan rage zuza, amma in ruwa ya shiga ya kan jawo tsatsa daga ciki.

Gargaɗi uku a nan. Na ɗaya, duk abin da aka sa a ɓangaren dama, a tabbata totur yana komawa da kansa in an sake shi. Totur da ya maƙale ya fi ko wace jijjiga haɗari. Na biyu, kada a narka dalmar tsohon batir domin zubawa cikin bututun. Dalma guba ce, ita ce ta hallaka yara masu yawa a ƙauyukan Zamfara a 2010. Na uku, kan babur da ya lanƙwashe wajen faɗuwa, kada a gasa shi a wuta a miƙe, kada kuma a yi masa walda. A saya wani.

Daga ƙarshe a daidaita zamansa. Mahayi ya zauna yadda ya saba, a kwance notunan maɗauri, a juya kan har ya zo wurin da gwiwar hannu ke ɗan lanƙwashe, kafaɗa a sake. A saukad da mariƙin birki da na kuloci har ya zama in an miƙa yatsu bisansu, bayan hannu da damtse suna kan layi ɗaya, wuyan hannu bai karye ba. A sa mai a wayar kuloci da ta totur, domin waya mai tauri ta kan tilasta damƙa.

6. GYARAN MAHAYI

Mahayin doki ya san da cinya a ke zama, linzami kuwa da sauƙi a ke riƙe shi. Haka babur. A matse tanki da gwiwoyi, a miƙe baya, a bar hannu ya yi tuƙi kurum. Gwargwadon ƙarfin damƙa, gwargwadon jijjigar da ke ratsawa cikin nama da ƙashi.

Kada a ɗora buhu bisa tanki, ko a rataya jarka a kan babur, kamar yadda a kan gani ran kasuwar Sara. Wannan yana tilasta wa mahayi miƙe hannuwa, yana kuma ɓata tuƙi. Kaya a baya ya kamata su zauna, a ɗaure, kuma daidai ƙarfin babur.

A sa giya a kan kari, kada a bar inji yana kururuwa a ƙaramar giya. Ko wane mahayi ya san gudun da madubinsa ke dushewa, sai ya zauna ƙasa da shi kaɗan. A kan gargada kuwa a rage gudu. Sannu ba ta hana zuwa.

A tsare hannu daga sanyi. Cikin Disamba da Janairu, iskar asuba a kan babur ta fi ta wanda ke tsaye sanyi nesa ba kusa ba. A sa safar hannu ta fata wadda ta zauna daidai, ba mai matsewa ba, a kuma rufe ƙirji da rigar sanyi, gama in jiki ya ji sanyi jinin yatsu ya ke fara janyewa. In aikin ba na gaggawa ba ne, a bari rana ta ɗan ɗaga. Mai shan taba ya sani tana tsuke jijiyoyin jini, tana taimakon cutar a kansa.

A huta. Bayan ko wace sa'a ɗaya, ko da zarar minjirya ta fara, a tsaya minti goma, a sauka, a buɗe yatsu a rufe, a murza tafi. Rangadin da za a iya raba shi kwana biyu, kada a haɗa shi rana ɗaya.

7. BA KO WACE SAGEWA CE TA BABUR BA

Wannan sashe ya fi sauran nauyi, kuma a na roƙon hakimai su kula da shi ƙwarai. Akwai cututtukan da ke fara da sagewar hannu, kuma mai babur yana iya ɗora wa baburinsa laifi har lokaci ya ƙure.

Ciwon sukari ya kan sagar da ƙafafu da hannuwa, yawanci daga yatsun ƙafa ya ke farawa, dama da hagu tare. Kuturta ta kan kama jijiyar da ke kula da ƙaramin yatsa, sau da yawa tare da wani kodadden tabo a fata wanda ba ya jin taɓi. Tana warkewa da magani na wata shida ko goma sha biyu, kuma tun 1995 kyauta a ke ba da shi ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda ya zo da wuri ba ya rasa yatsa. Ciwon ƙashin wuya ma ya kan saukad da sagewa har yatsu.

Saboda haka a tura mutum asibiti in sagewar ta kwana ba ta wuce ba, ko tana ta da shi daga barci, ko yatsunsa suna kodewa, ko abu na suɓuce masa, ko naman tafinsa ya fara ramewa, ko ya ƙone bai ji ba. Akwai asibitocin ƙananan hukumomi, akwai kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Amma in sagewa ta zo farat ɗaya a ɓari ɗaya na jiki, da karkacewar baki ko sarƙewar magana, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A kai shi asibiti a wannan sa'a, a mota, kada ya tuƙa kansa.

8. AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da ya kamata ko wace gunduma ta yi.

Na ɗaya, malamin hakimi ya buɗe littafi domin baburan ofis da na ma'aikatan da ke ƙarƙashin hakimi. Ko wane babur da shafinsa: lambarsa, da irinsa, da mai hawansa, da ranar juye, da ranar da aka ɗaure notuna, aka duba sarƙa da wayoyi da iska. A bar gurbi ɗaya a ƙarshe domin lafiyar hannun mahayi, a tambaye shi ko wane wata a rubuta.

Na biyu, a tsai da rana ɗaya cikin mako domin duba noti, da sarƙa, da iska. Aikin bai kai rabin sa'a ba. Babban dubawa kuwa sau biyu a shekara: bayan ɗaukewar damina, sa'ad da hanyoyi suka gama jijjiga babura kuma hunturu na tafe, da kuma kafin faɗuwar ruwa.

Na uku, ofishin hakimi ya mallaki ma'aunin iskar taya ɗaya, a riƙa ba da aronsa.

Na huɗu, hakimi ya kira shugabannin 'yan acaɓa da makanikai da masu faci, a karanta musu wannan darasi. 'Yan acaɓa sun fi kowa daɗewa a kan babur, kuma yawancinsu samari ne da ke da sauran shekarun neman abinci da hannuwansu. Dagatai da masu unguwanni su isar da shi ƙauyuka.

Na biyar, wajen rarraba aiki a riƙa karɓa-karɓa, kada doguwar hanyar burji ta zama rabon mutum ɗaya kullum. Wanda hannunsa ya fara nuna alama a ba shi aikin kusa har likita ya gan shi, kuma kada a ɗauki wannan a kan ragwanci, don in mutane sun ji tsoron zargi ɓoyewa za su yi.

Na shida, wuraren da hanya ta lalace ƙwarai, malami ya rubuta su, hakimi ya kai rahoto ga ƙaramar hukuma, a kuma yi aikin gayya inda ya yiwu.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke haɗuwa su jawo sagewar hannu?
2. Ta yaya a ke bambanta jijjigar inji da ta ƙafa ba tare da kwance kome ba?
3. In aka rage jijjiga da rabi, ninki nawa na lokaci hannu zai ɗauka?
4. Mahayi ya ce ƙaramin yatsansa ne ke sagewa. Mene ne za a duba a riƙonsa, kuma wace cuta ce za a tuna da ita?
5. Mene ne wajibi a gwada bayan an sa nauyi a bakin kan babur na dama?
6. Wace alama ce ke sa a kai mutum asibiti nan take?

A na fatan hakimai za su sa a karanta wannan darasi a majalisunsu, malamai kuma su ajiye shi tare da littafin babura. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da lafiya da zama lafiya, amin.